Rangwamen Haraji ga Masu Komawa Gida: Tsarin da Fotugal Ta Ɗauka

Bayan durƙushewar tattalin arziki da ta tilasta wa ƙasar Fotugal karɓar bashin ceto na yuro biliyan 78 daga Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a shekarar 2011, an yi shekaru ana ganin fiye da mutum dubu 100 suna barin ƙasar duk shekara, cikinsu har da ma'aikatan jinya da injiniyoyi da aka ilimantar da kuɗin al'umma, waɗanda suka nufi Birtaniya da Faransa da Suwizalan neman abin kai wa bakin salati. Da al'amura suka lafa, sai gwamnati ta ƙaddamar da shirin Regressar a 2019 domin jawo su gida, kuma ƙashin bayan shirin shi ne rangwamen haraji, wato yafe wa mutum wani kaso na abin da doka ta wajabta masa ya biya.

Yadda tsarin ke aiki shi ne, wanda ya dawo ba a lissafa masa haraji sai a kan rabin abin da ya samu daga albashi ko sana'arsa, har tsawon shekara biyar. Idan ma'aikaciyar jinya ta dawo daga Landan ta kama aikin da ke biyan yuro 30,000 a shekara, hukumar haraji za ta ɗauke ta tamkar mai samun 15,000, kuma da yake harajin ƙasar hawa-hawa ne, wato kason da ake cira yana ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar samu har ya kai kashi 48 cikin ɗari, sauƙin da za ta samu ya zarce rabin harajin, domin ɓangaren da aka yafe shi ne wanda da zai faɗa a matakin da ya fi tsada. Sharuɗɗan kuwa sun haɗa da cewa mutum ya taɓa zama mazaunin ƙasar a idon dokar haraji, ba a bin sa bashin haraji, sannan ya yi shekara uku ba ya zaune a cikinta, wa'adin da aka ɗaga zuwa shekara biyar daga 2024, lokacin da aka kuma sanya wa rangwamen iyaka ta yuro 250,000 a shekara.

Ba Fotugal kaɗai ke da irin wannan rangwame ba: Girka ma ta yafe rabi na shekara bakwai, yayin da Italiya, wadda ta taɓa yafe kashi 70, ta rage shi zuwa 50 a 2024.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun adalci. Ma'aikatan jinya biyu za su iya yin aikin dare a ɗaki guda na asibiti guda a birnin Porto, albashinsu ɗaya, amma wadda ta daure ta zauna a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da aka zabtare albashin ma'aikatan gwamnati, ita ce ke biyan cikakken haraji, ba wadda ta dawo daga waje ba. Hujjar gwamnati ita ce wanda ke waje ba ya biyan ko sisi, don haka rabi ya fi babu. Hujjar tana da ƙarfi ga wanda rangwamen ne ya sauya masa shawara, amma ba ta da tasiri ga wanda da ma zai dawo saboda tsufan iyaye ko karatun 'ya'ya, kuma doka ba ta da hanyar bambance su. Ban da haka, rangwamen ba ya taɓa abin da ya kori mutane tun farko, domin albashin Fotugal har yanzu yana ƙasa ƙwarai da na Suwizalan ko Jamus, kuɗin hayar gida a Lisbon kuwa ya yi tashin gwauron zabo, ta yadda mai dawowa kan tarar cewa abin da hukumar haraji ta bar masa mai gidan haya ne ke karɓewa a ƙarshen wata.