Nauyin Iska da Iyakar Famfo Mai Zuƙa

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, don su a kan fara kai wa maganar rijiya da famfo. Sau da yawa jama'ar gari su kan tara kuɗi su sayi injin jawo ruwa, a kafa shi bakin rijiya, ya yi ta ruri, ruwa ya ƙi hawa. Sai a ce injin jabu ne, ko kuwa a zargi wanda aka aika sayayya. Alhali famfo mai zuƙa yana da iyaka wadda ba ya wucewa, asalinta kuwa nauyin iska ne.

Iska tana da nauyi

Iskar da ta lulluɓe duniya tana da nauyi kamar yadda ruwa da hatsi su ke da shi. Ta sama tana danne ta ƙasa, ta ƙasa kuma tana danne duk abin da ke doron ƙasa. Wannan shi a ke kira matsin iska. A kan auna shi da laba bisa inci murabba'i. Laba ta gaza rabin kilo kaɗan. Inci murabba'i kuwa ɗan fili ne mai tsawon inci ɗaya da faɗin inci ɗaya, kusan girman kan sarki na wasiƙa.

A bakin teku, kamar Ikko, iska tana danne ko wane inci murabba'i da laba 14.7. Watau allon da tsawonsa inci 10 ne, faɗinsa inci 10, yana ɗauke da laba 1,470, fiye da buhu shida na hatsi masu kilo ɗari ɗari. Abin da ya sa yaro ke iya ɗaga allon, iska tana tura shi ta ƙasa kamar yadda ta ke danne shi ta sama. Sai an janye iskar gefe guda sa'an nan ƙarfinta ke bayyana. Haka ƙahon wanzami ke yi: in ya zuƙe iskar ciki ya toshe, iskar waje ce ke manne ƙahon ga jiki.

Yadda aka gano awonsa

Tun da daɗewa masu aikin famfo a ƙasar Italiya suka lura ruwa ba ya bin famfo mai zuƙa fiye da wani tsawo. A 1643 wani masani, Torricelli, almajirin Galileo, ya gano dalilin. Ya cika bututun gilashi mai rufaffen kai da zaiba, ya kife bakinsa cikin kwanon zaiba. Zaibar ta sauka kaɗan, ta tsaya a tsawon inci 30. Iskar da ke danne zaibar kwanon ita ta tallafe ta cikin bututun. Wannan ne ma'aunin iska na farko.

A 1648 Pascal, masanin ƙasar Faransa, ya sa aka hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan ma'auni. A ƙololuwar dutsen zaibar ta sauka da wajen inci uku. Aka tabbata gwargwadon hawan mutum sama, gwargwadon raguwar iskar da ke bisa kansa. Ragin ya kai kamar rabin laba ga ko wace ƙafa 1,000. Saboda haka a Kano, wadda ke wajen ƙafa 1,600 sama da teku, matsin iska kimanin laba 13.9 ne. A Jos, wajen ƙafa 4,000, kimanin laba 12.7 ne.

Abin da ya shafi rijiya

Famfo mai zuƙa yana kwashe iskar cikin bututu ne kawai, sa'an nan iskar waje ta danne ruwan rijiya ta turo shi sama. Zaiba ta fi ruwa nauyi fiye da sau goma sha uku da rabi, don haka iskar da ke tallafe inci 30 na zaiba tana iya tallafe ƙafa 34 na ruwa a bakin teku. A Kano kimanin ƙafa 32, a Jos kimanin 29. Wannan a lissafi ke nan. A wurin aiki, saboda yoyon iska a mahaɗai da gugar ruwa cikin bututu, da wuya famfo ya wuce ƙafa 25, a kan tudu ma bai kai haka ba. Sayen inji mafi girma ba ya ƙara wannan iyaka ko da taƙi ɗaya.

Shi ya sa ƙananan injunan ban ruwa su ke aiki sosai a fadama, inda ruwa ke kusa, su kuma gaza a rijiyar tudu mai zurfi. Rijiya mai zurfi tana bukatar famfon da a ke zura shi can ƙasa cikin ruwa, ya riƙa turo ruwan sama. Irinsa ne famfon tuƙa-tuƙa na rijiyar burtsatse, da mai aiki da lantarki ko hasken rana. Turowa ba ta da wannan iyaka.

Tanki da taya

Da wannan awo a ke lissafin ruwan tanki. Ko wace ƙafa 2.3 ta tsawon ruwa tana ba da laba ɗaya bisa inci murabba'i. Tankin da saman ruwansa ke ƙafa 23 bisa kan famfo zai ba da laba 10.

Ko da ya ke Nijeriya ta koma awon mita da kilo tun shekarun 1970, masu faci har yanzu da laba su ke auna iskar taya. Ma'auninsu yana nuna abin da ya ɗara matsin iskar waje ne. In ya nuna 30 a Ikko, jimlar matsin cikin tayar 44.7 ne. Inda aka rubuta bar a jikin ma'auni, bar ɗaya laba 14.5 ne.

Abin da ya kamata a yi

Kafin a karɓi kuɗin kowa, ya kamata hakimi ya sa malaminsa ya auna rijiyar da igiya mai ɗaure da dutse. A auna daga inda za a girke famfo zuwa fuskar ruwa, kada a auna har gindin rijiya. A yi awon cikin bazara, Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya fi janyewa ƙasa, domin awon kaka yana ruɗi. Malami ya rubuta zurfin da ranar awon cikin littafin gunduma, a nuna wa ma'aikacin ruwa na ƙaramar hukuma. In zurfin ya haura ƙafa 20, kada a sayi famfo mai zuƙa sai da shawararsa. Tun ran gini ran zane, kuɗin talakawa kuwa amana ne a hannun hakimi.