Madubi biyu da sirrin danjar keke

Ya kai mai karatu, idan ka taɓa bin hanyar Gabi zuwa Madarunfa da dare a mota ko a babur, wataƙila ka ga wani ɗan jan abu yana ƙyalli daga nesa, sai da kuka matso ka ga ashe keke ne. Wannan abu shi ne danja. Ba ta da batir, ba ta da ƙwai. Hasken fitilarku ne take mayar muku. Sirrinta yana cikin yadda haske ke juyawa tsakanin madubai biyu.

Yadda madubi ɗaya ke juya haske

Haske yana tafiya ne a miƙe. Idan ya faɗa kan madubi, sai ya tashi ta ɗaya gefen da irin karkatar da ya sauka da ita. Masani Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya yi bayanin wannan a littafinsa Kitabul Manazir.

Ana auna karkata da digiri. Cikakken zagaye digiri 360 ne. Wanda ya juya ya koma inda ya fito ya yi digiri 180. Kusurwar littafi ko ta bulo digiri 90 ce.

Haske yakan bar hanyarsa da ninki biyu na kusurwar da ke tsakaninsa da fuskar madubin. In ya sauka da digiri 30, zai juya da digiri 60. Saboda haka madubi ɗaya ba ya mayar wa direba haskensa sai in ya fuskance shi sosai. In ya ɗan karkace, hasken ya tafi daji.

In madubai suka zama biyu

A tsayar da madubai biyu, a haɗa gefensu su yi kusurwa mai digiri 90. Haske zai bugi na farko, ya wuce ga na biyu, sannan ya fito. A irin wannan tsayuwa, kusurwar da ya sauka da ita a kan na farko da ta kan na biyu, in aka haɗa su, kullum 90 ne. Ga lissafin:

In ta farko 30 ce, ta biyu 60 ce. Juyi na farko 60, na biyu 120. Jimla 180.

In ta farko 20 ce, ta biyu 70 ce. Juyi na farko 40, na biyu 140. Jimla 180.

Ka ga ke nan abin da madubin farko ya rage, na biyu yake cikawa. Ko ta ina hasken ya shigo, yana komawa wajen da ya fito.

Ƙa'idar ita ce: kusurwar da ke tsakanin hasken da ya shiga da wanda ya fito ninki biyu ce ta kusurwar madubin biyu. Madubai masu digiri 45 suna ba da 90. Shi ya sa ake sa su a wani ƙaramin kayan aiki da masu awon fili ke fitar da kusurwa da shi.

Gwada da kanka

1. Nemi ƙananan madubai biyu da littafi ɗaya.
2. Tsayar da su a kan tabarma, ka daidaita kusurwarsu da ta littafin.
3. Rufe ido ɗaya, ka dubi inda suka haɗu.
4. Matsa dama, ka matsa hagu. Za ka ga idonka bai bar mahaɗar ba.

Kada ka yi gwajin da hasken rana, domin yana cutar da ido.

Abin da ke cikin danja

Dubi danja da kyau. Cikinta cike yake da ƴan ƙananan lunguna, kowanne mai fuska uku, kamar lungun ɗaki inda bango biyu suka haɗu da daɓe. Kowace fuska tana aikin madubi. Fuska ta uku ita ke mayar da hasken da ya zo daga sama ko daga ƙasa. A shekarar 1969 ƴan sama jannatin Amurka sun ajiye irin waɗannan lunguna a kan wata, kuma da su masana ke auna nisansa daga duniya.

Amfanin wannan gare ka

Amalanken da ya ɗauko itace daga dajin Baban Rafi, ko hatsi daga gona, sau da yawa dare kan yi masa a hanya, kuma ba shi da fitila. Direban da bai gan shi da wuri ba, ba zai iya tsayawa ba. Don haka:

A kafa jar danja a bayan kowane keke da amalanke, tana fuskantar baya sosai.

A riƙa share ta, domin ƙura da laka suna tare haske.

Kada kaya su rufe ta.

In ta fashe, a sake wata. Gutsuren madubi ba zai yi aikinta ba.

Ka tuna danja ba ta da hasken kanta. Tana nuna ka ne ga mai fitila kawai, saboda haka ka riƙe tocila, ka kuma bi gefen hanya.