Kujerar jarirai a ƙaramar mota: Dalilin da ya sa ake juya wa hanya baya

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar kwalta mai lamba ɗaya, wadda ta biyo ta Gidan Rumji da Tibiri, ta gitta Maraɗi, ta nausa gabas ta ratsa Caduwa da Agye da Gazawa kafin ta kai Tasawa, ya san yadda ake ɗaukar ƙananan yara a mota a wannan yanki namu. Ko dai jariri yana kan cinyar uwarsa, ko yana goye a bayanta ta jingina da shi a kujera, ko kuma an miƙa shi ga wata fasinja saboda uwar na riƙe da kwalla. Haka abin yake a motocin haya, haka yake a motocin gida, har da na Alhazan da Allah Ya hore wa abin hannu daga cinikin aya da wake da riɗi da gyaɗa.

A 'yan shekarun nan kuwa mun lura da wata haja da ke biyo kayan gwanjon Turai, tare da kekunan yara da gadajen jarirai, wato wata 'yar kujerar roba mai kama da kwando, mai mariƙi da igiyoyi. Da yawa daga cikin masu sayenta a tsakar gida suke ajiye ta, a kwantar da jariri a ciki uwa ta samu ta yi aiki. Alhali kuwa don mota aka ƙera ta. Waɗanda ma suka gane haka, galibi sai su ɗora ta tana kallon gaba, domin a ganinsu ai kowa gaba yake kallo. Sai dai ita wannan kujera baya ake juya wa hanya, jariri ya fuskanci majinginin kujerar motar, kuma akwai dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na shekarar 2023 ta ce mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke rasa rayukansu duk shekara a haɗurran hanya, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da cewa ita ce mafi ƙarancin motoci. Hukumar ta kuma bayyana cewa amfani da kujerar yara kan rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, motar da ke gudun kilomita 50 a awa, gudun da direbobinmu ba su ma ɗauke shi gudu ba, idan ta yi karo da abu ta tsaya cak, tamkar mutum ne ya faɗo daga tsayin mita 10. A wannan ƙiftawar ido, yaro mai kilo 10 kan fizge daga hannun uwa da ƙarfin da zai iya kai wa ninki 30 na nauyinsa. Uwargida 'yar kasuwa ta san nauyin buhun gero mai kilo 100. To ta ƙaddara buhu uku ne aka ce ta riƙe a ƙirjinta lokaci guda. Babu son da zai sa hannu ya iya wannan. Goyo kuwa ya fi muni, domin idan mota ta yi tsalle ko aka buge ta ta baya, nauyin uwar gaba ɗaya a kan yaron yake sauka.

Ita dabarar juya baya daga ƙasar Suwidin ta samo asali. Wani farfesa mai suna Bertil Aldman ne ya ga yadda 'yan sama jannatin Amurka ke kwanciya rigingine a cikin kumbo domin bayansu ya ɗauki ƙarfin tashi, sai ya ce ai jariri ma haka yake buƙata. A shekarar 1964 ya fito da samfurin farko tare da kamfanin Volvo. Hujjarsa mai sauƙi ce. Kan jariri yana da girma, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, abin da duk wadda ta taɓa wankan jego ta sani, shi ya sa ake tallabe ƙeya. Idan yana kallon gaba aka yi karo, igiya za ta riƙe jikin, kan ya yi gaba, wuya ya ɗauki wahalar. Idan kuwa ya juya baya, kai da wuya da gadon baya duk tare suke nutsewa cikin kujerar. Har gobe mutanen Suwidin kan bar 'ya'yansu a haka sai sun kai kimanin shekara 4. Ƙa'idar Turai ta yanzu, mai lamba R129 wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta juya baya har yaro ya cika wata 15. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa tun 2018 cewa ta yi a bar yaro a haka har sai ya wuce nauyi ko tsawon da aka rubuta wa kujerar.

Inda gizo ke saƙa shi ne irin motocin da muke da su. Mafi yawan ƙananan motocin gida a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji tsofaffi ne da aka yi amfani da su a Turai, irin su Starlet da Corolla da ƙananan Opel da Peugeot, waɗanda a da ake kawowa ta Kwatano, kafin rufe iyakar Benin a 2023 ya karkata hanya ta Lome da Burkina Faso. Bayansu matsattse ne, kujerar da ta juya baya kuma tana cin wuri ta gaba. Nan ne mutane kan karaya su juya ta, ko su kai ta gaba kusa da direba.

Kai ta gaban nan shi ne babban haɗari idan motar na da jakar iska, wato balan-balan ɗin da ke fashewa daga allon gaba in an yi karo. Tana fitowa ne da ƙarfin gaske, kuma daidai bayan kan jariri za ta daka. Kada a ce ai motar ta tsufa, jakar ta mutu. Sau da yawa tana nan da ranta. In ba a kashe ta da maɓallin da wasu motoci ke da shi ba, to gaba ba wurin wannan kujera ba ne.

A kujerar baya, tsakiya ce ta fi nisa da duka ƙofofin, amma a yawancin tsofaffin ƙananan motoci bel ɗin tsakiya na ƙugu ne kawai, alhali galibin kujerun jarirai na Turai sai da bel mai biyowa ta kafaɗa da ƙugu suke ɗauruwa. Don haka mu a namu ganin wurin da ya fi dacewa shi ne bayan kujerar mai zaman banza, ɓangaren dama. Fa'idarsa biyu. Na farko, ana iya tura kujerar gaba a miƙar da majingininta ba tare da an takura direba ba, domin direban da gwiwarsa ke dukan sitiyari shi kansa haɗari ne. Na biyu, ta gefen titi za a riƙa fito da yaro, ba ta inda manyan motocin Damagaram ke wucewa ba. In Alhaji dogo ne kuma ba shi ke tuƙi ba, ya haƙura ya koma baya kusa da ɗan nasa.

Wajen ɗaurawa, a duba jikin kujerar, akwai zane da ke nuna inda bel zai bi. A kujerun Turai na da, alamar shuɗi ce ke nuna hanyar bel idan an juya baya, ja kuma ta kallon gaba ce. A sababbin kuwa kore ce. Yawanci bel na ƙugu yana bi ta saman ƙafafun jariri ta cikin maƙalai biyu, na kafaɗa kuma ya zagaya ta bayan kujerar. A danna ta da ƙarfi cikin katifar mota, a ja bel ɗin ya yi tsam ba tare da ya murɗe ba. Sannan a kama ta daidai inda bel ya ratsa a girgiza. Idan ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, ba ta ɗauru ba. Wata matsalar da aka fi samu a ƙananan motoci ita ce gajartar bel, ya kasa zagaye kujerar. Maganinta ba ƙulla igiya ko ƙyalle ba ne, ba kuma kai wa mai ɗinkin kujeru ya yi ƙari ba. A nemi wata kujerar da ta dace da motar. Shi ya sa ya kamata a je da motar wurin mai sayarwa a gwada kafin a biya, kamar yadda ba a sayen takalmi sai an sa ƙafa.

Mai motar da ba ta tsufa sosai ba ya zura hannu tsakanin mazauni da majingini na kujerar baya. In ya taɓo ƙarafa biyu, to motarsa na da abin da ake kira ISOFIX, wanda aka fara sawa a Golf a 1997, ya kuma zama dole ga sababbin motoci a Tarayyar Turai daga 2014. Kujerar da ke da hannuwa biyu na ƙarfe maƙalawa kawai ake yi a ji ƙas. Sai dai wadda ke da gindi daban ta fi cin wuri, ga ƙaramar mota sau da yawa kwandon kaɗai da bel ya fi shiga.

Kwanciyar kujerar ma abin lura ce. Sabon haihuwa yana buƙatar ta kishingiɗa kamar rabin zama rabin kwance, kusan digiri 45, domin in ta miƙe da yawa kansa zai faɗo kan ƙirji numfashi ya toshe. Idan ya fara riƙe wuyansa, wasu kujerun sun yarda a ɗan tayar da su, abin da ke sama wa na gaba sarari. Igiyoyin su fito daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, a ja su har a kasa tsunkuno igiyar da yatsu. Lokacin hunturu kada a ɗaure shi a kan rigunan sanyi uku da zane, a ɗaure shi tukuna sannan a lulluɓe. Kakanni kan yi ƙorafin cewa ƙafafun yaro sun naɗe sun tokari majingini. Wannan ba komi ba ne, yaron da ke kwana a goye ya saba naɗe ƙafa. Abin dubawa shi ne kai: da zarar ya kusa kai bakin kujerar ta sama, ko nauyinsa ya wuce abin da aka rubuta, wanda a yawancin kwandunan jarirai kilo 13 ne, to ya girme ta, a nemi babba wadda ita ma ke juya baya.

Ga masu sayar da gwanjo da masu saye, akwai magana. Tun ranar 1 ga Satumba 2024 aka daina sayar da sababbin kujeru masu tsohuwar lamba R44 a Tarayyar Turai, kuma mun san inda kayan da Turawa suka gama da su ke ƙarewa. Tsohuwar lamba ba ta nufin kujera ta lalace, amma a juya ta a duba. Akwai 'yar takarda ruwan lemo a manne, mai harafin E a cikin da'ira, da lambar ƙa'ida da nauyi ko tsawon yaro. Akwai kuma shekarar ƙira a jikin robar. Kamfanoni kan ba su tsakanin shekara 6 zuwa 10, kuma ranar Maraɗi ba ta raga wa roba, kowa ya ga yadda bokiti ke zama ɓawon ƙwai in ya shekara a waje. A ɗaga rigar kujerar a duba tsagewa, a gwada maɓallin ya kama ya saki. Wadda aka taɓa yin haɗari da ita ba a sake amfani da ita ko da ido bai ga komi ba, kuma wannan ne mai gwanjo ba zai iya shaida ba, domin bai san daga gidan da ta fito ba. In akwai 'yar uwa a Yamai ko Kano da ta gama da tata, ta fi ta kasuwa aminci.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ƙarfen maɓalli na iya ƙona fatar jariri, don haka a rufa wa kujerar farin zane in an ajiye mota. Kada a bar yaro a ciki ko da na shiga shago a fito ne. A doguwar tafiya kuma, kamar daga Gazawa zuwa Kwanni, a tsaya duk bayan kimanin awa 2 a fito da shi ya sha nono ya miƙe. Shayarwa mota na gudu ita ce ke mayar da yaro kan cinya, inda aka fito.

Ba mu manta ba cewa mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su da motar kansu, Hiace da ƙananan motocin tasha suke bi zuwa cin kasuwa, inda ake cusa mutum huɗu ko biyar a kujerar mutum uku, bel kuwa an tura shi ƙarƙashin katifa tun ranar da motar ta shigo ƙasa. Babu kujerar jariri da za ta ɗauru a nan sai uwa ta biya kuɗin mutum biyu ta kuma samu bel mai aiki. Wadda ba ta da hali, aƙalla ta guji zaman gaba, ta kwance goyo kafin ta shiga, kada ta haɗa kanta da yaro a bel ɗaya domin nauyinta zai matse shi, kada kuma ta yarda a ɗora buhuna a bayan kanta ba tare da an ɗaure su ba. Shugabannin tasha a Agye da Gazawa da Gidan Rumji suna da ikon hana lodin mai jariri a gaba, kamar yadda suke da ikon tsara layi da karɓar kuɗin tasha, kuma wannan ba ya buƙatar ko dala.