Yadda Jiki Yake Amsa Sha'awa: Abin da Mai Ba Ma'aurata Shawara Ya Kamata Ya Sani

Sau da yawa ma'aurata sukan kawo wa fasto ƙarar juna a kan kwanciyar aure, alhali tushen matsalar a jiki yake. In mai hidima bai san yadda jiki yake aiki ba, zai iya ɗora laifi inda babu laifi.

A shekarar 1966, masu bincike biyu a Amurka, William Masters da Virginia Johnson, suka bayyana matakai huɗu: motsuwa, ƙaruwar motsuwa, inzali, da komawar jiki daidai. Daga baya likita Helen Kaplan ta nuna cewa sha'awar zuciya ma mataki ce mai zaman kanta.

Abin yakan fara daga ƙwaƙwalwa. Tunani, kallo ko taɓawa sukan aika saƙo ta jijiyoyi, sai jiki ya saki sinadarin nitirik oksaid, wanda yake sassauta hanyoyin jini. Jini ya cika azzakari ya miƙe. A wurin mace kuma gaba ya kumbura, ni'ima ta sauko. Bugun zuciya da numfashi sukan ƙaru. Lokacin inzali tsokokin ƙugu sukan matse su saki, kusan sau ɗaya a daƙiƙa guda. Bayan haka namiji yana bukatar hutu kafin ya sake motsuwa, hutun kuwa yakan daɗe yayin da shekaru suke ƙaruwa. Mace sau da yawa takan bukaci lokaci mai tsawo kafin jikinta ya shirya, shi ya sa gaggawa take jawo mata zafi.

Tsoro, fushi da damuwa sukan sa jiki ya saki adiranalin, wanda yake matse hanyoyin jinin nan. Don haka matar da ake yi wa tsawa da rana, da wuya jikinta ya amsa da dare. Ciwon suga, hawan jini da wasu magunguna sukan raunana namiji. Shayarwa da ɗaukewar al'ada sukan rage sinadarin istirojin, su kawo bushewa.

Saboda haka, kafin ka zargi wani da rashin ƙauna ko cin amana, ka saurara, ka yi tambaya cikin natsuwa, ka kuma riƙe sirri. Raunin mazakuta yakan zama alamar farko ta ciwon zuciya. Ka yi addu'a tare da su, sa'an nan ka tura su asibiti, ka kuma gargaɗe su game da magungunan ƙarfin maza na bakin titi.