Masu Tantance Hoton Sama: Tsuntsu Ne Ko Baƙon Jirgi?

A birnin Tulus na Faransa akwai wani ɗan ofishi mai suna GEIPAN, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar. Tun 1977 ake wannan aiki a wurin: karɓar rahoton mutanen da suka ga baƙon abu a sama, wanda ake kira UFO, a gano mene ne.

Kayan aikin mai tantancewa hoto ne mai dishi-dishi, da ɗigo mai kama da faifai a gefen gajimare. Yakan zo daga hannun mai shi, ko ta ofishin jandarmomi. Abu na farko, sai mai tantancewa ya nemi ainihin hoton daga kyamara, domin wanda ya yi yawo a WhatsApp ya riga ya zubar da bayanansa. Cikin na ainihin ne ake samun ranar ɗauka, da lokaci, da saurin ƙiftawar kyamara.

A wannan ƙiftawa sirrin yake. Tattabarar da ke gudun kilomita 54 a awa tana cin santimita 25 cikin kashi ɗaya bisa 60 na daƙiƙa. Kafin kyamara ta rufe ido, kai da jela sun narke, fikafikai sun zama hayaƙi, sai jiki ya fito sumul kamar faranti. Hoto kuma ba ya faɗin nisa: tsuntsu a kusa, da ƙaton jirgi a nesa, girmansu na iya zama ɗaya.

Sai gwani ya faɗaɗa ɗigon a kwamfuta, yana neman inuwar fiffike a samansa da farin ƙirji a ƙasansa. Ya duba hoton da ya gabata da wanda ya biyo baya. Sannan ya yi wa mai hoton tambayar da ta fi kowace: “Ka gan shi da idonka lokacin ɗauka?” In ya ce sai a gida ya lura, to, galibi tsuntsu ne ko ƙwaro ya gifta.

Hukuncin da ofishin ke yankewa iri huɗu ne. A, an gane abin sarai. B, an kusa tabbatarwa. C, bayani bai isa ba. D, an bincika, an rasa amsa, kuma irin waɗannan kaɗan ne ƙwarai.

Ma'aikatan ofishin albashi suke ci, amma masu binciken sa-kai da ke zuwa inda aka ɗauki hoton ba su da shi. Jarinsu lokaci ne da haƙuri da gajiyar ido. Rahoton ma ba sayar da shi ake yi ba. Tun 2007 ake saka shi kyauta a intanet.

Babbar wahala ita ce fuskantar mutumin da ya kwana yana murna, a ce masa tattabara ce. Mai sana'ar kirki ba ya yi masa dariya. Yakan zaunar da shi, ya nuna masa fiffiken da yatsa, har shi ma ya gani.