Tsakanin Gyale da Hijabi a Arewacin Zamfara

Duk wanda ya ratsa layin 'yan atamfa a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis zai ga hijabai rataye kamar tutoci: mai hula, mai hannu, mai aljihu, kowane da launinsa. Iyayenmu mata ba su san wannan ba. Su zane biyu suka sani, ɗaya a ɗaura, ɗaya a yi lulluɓi, sai kallabi a ka. Ɗinkakken hijabi ya bazu ne tare da makarantun Islamiyya daga shekarun 1980, ya ƙara kafuwa bayan Zamfara ta fara aiki da Shari'a a shekarar 2000.

Yau ga shi ya zama ado. Ɗalibar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda takan zaɓi hijabin da ya shiga da takalminta, kuma ba mu ga laifin haka ba. Aya ta 31 a Suratun Nur ta yi umarni da rufe wuya da ƙirji. Ba ta ambaci launi ba, ba ta yanke ɗinki ba. Abin da malamai suka shardanta shi ne mayafi ya suturta, kada ya zama shara-shara, kada ya matse. Gyale mai kauri da faɗi ya cika wannan. Hijabin roba da ke manne wa jiki bai cika ba, ko da ya taɓa ƙasa. Mu masu hawa mumbari mun daɗe muna auna tsawo, muna mantawa da yadi.

Inda hankalinmu ya fi tashi shi ne anko. A biki guda sai a fitar da atamfa, a fitar da gyalenta, a biya mai ɗaurin ɗankwali, ita kuwa wadda ba ta da hali ta ci bashi ko ta ƙi zuwa don kunya.

A cikin garin Zurmi kuma akwai matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka da hijabi ɗaya tak. Shi ne na salla, shi ne na goyo, shi ne bargon dare. Idan aka wanke shi, sai a zauna a ɗaki har ya bushe. Mun ji samari suna yi wa irinsu faɗa don hijabin ya yage, alhali a gidajenmu akwai akwatunan da aka cika da gyalen da sau ɗaya aka yafa. Muna roƙon malaman Islamiyya mata su buɗe buhu a kowane aji, a tara wankakku, a kai musu kafin hunturu ya shigo.