Santsi da Tuntuɓe a Mashigan Tafkin Kainji

Tun daga 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, Kogin Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wanda ya tashi mutane kimanin 44,000 daga tsibirai da ƙauyukansu na gado. A Yelwa ta Yauri, da Wara ta Ngaski, da ƙauyukan Shanga na bakin kogi, wurin aikin dubban mutane shi ne mashigi, wato gaɓar da jirage ke tsayawa a yi lodi da sauke kaya, inda Sarkawa masunta, da Gungawa da Kambari manoma, da 'yan dako da mata masu bandar kifi suke cuɗanya tun asuba.

Idan aka yi maganar haɗari a wannan gaɓa, nutsewa ce ke fara zuwa a rai, musamman bayan kifewar wani jirgi a yankin Wara a watan Mayu na 2021, kuma daidai ne da hukumomi irin su NIWA mai kula da hanyoyin ruwa da HYPPADEC mai raya yankunan madatsun lantarki suka dage a kan rigar kariya. Sai dai akwai wani haɗari na kullum wanda ba ya shiga labarai, wato faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutane kimanin 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma ita ce ta biyu bayan haɗarin hanya a mace-macen rauni da ba na ganganci ba.

Masana lafiyar wurin aiki sun raba sababin faɗuwa gida biyu. Santsi yana aukuwa ne idan riƙon da ke tsakanin tafin ƙafa da ƙasa ya yi rauni, shi kuwa tuntuɓe sai ƙafa ta ci karo da wani abu alhali jiki ya riga ya yi gaba. Mashigi ya tara su duka. Katakon da ake gittawa daga bakin jirgi zuwa tudu kan jiƙe da yauƙin tarwaɗa da man inji, gansakuka ta lulluɓe duwatsu, igiyar ɗaure jirgi kuma tana miƙe a tsayin idon sawu kusa da tarun da aka shanya. Ɗan dakon da ya aza buhun albasa a kan gammo ba ya iya duban ƙasa, nauyin ya koma sama, hannayensa biyu suna riƙe da kaya, ƙafarsa kuma cikin silifas ɗin da gindinsa ya suɗe, saboda haka zamewa kaɗan ta isa ta jawo targaɗe, ko karayar ƙugu, ko buguwar kai a gefen jirgi kafin mutum ya faɗa ruwa.

Abin da ya bambanta wannan wurin aiki da daɓen masana'anta shi ne ba ya zama wuri ɗaya. Tafkin yana cika da ambaliya biyu: farin ruwa, wanda damina ta kusa ke kawowa ɗauke da laka, da baƙin ruwa, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Gini ta cikin Mali ya iso da sanyi bayan lakarsa ta kwanta a hanya. Daga nan ruwa ya riƙa ja da baya har tazarar ta kai kusan mita 10 a tsaye, sai gaɓa ta bar shimfiɗar taɓo mai faɗi wadda dole a ratsa da kaya a ka. Matakalar siminti da aka gina daidai da ruwan watan Janairu za ta iya zama a tudu, nesa da jirage, a watan Yuli.

Don haka maganin da ya dace shi ne wanda ke bin ruwa: katako mai faɗi da aka buga wa ƙananan sanduna a gicciye don ƙafa ta sami madafa, da gora ta riƙewa a gefe, da hanya guda ta yashi ko ɓuntun shinkafa da ake sabuntawa kowace ranar kasuwa. A kafa turakun ɗaure jirgi nesa da wannan hanya, a ware wurin feɗe kifi, a kuma sa fitilar hasken rana domin masu sammako.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta kula da daɓe da matakala, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, amma a aikace ba su kan kai ga ɗan dakon da ake biya a kan kowane buhu ba, wanda in ya karye sai ya kwanta makonni a hannun maɗori babu ko sisi. Abin takaici ne a ce tsautsayi ne kawai, alhali katakon da ya kayar da shi yana nan gobe. Masu ikon gyara na kusa su ne sarkin ruwa, da shugabannin ƙungiyar masu jirage, da ƙaramar hukumar da ke karɓar kuɗin kasuwa, kuma kaso kaɗan na wannan kuɗi zai sayi katako da yashi na shekara guda a mashigi ɗaya.